SAI MIYA TA ƘARE AKAN SAN MACI TUWO

Jawabin da za a karanta a taron kowane reshe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran da ƙarfi, a hankali, kada ya tsallake kome.

 Mun gode muku da kuka bar sha'anoninku a ranar kasuwa kuka taru domin ku ji wannan magana. Maganar kuwa tsohuwa ce, babu wanda bai taɓa ɗanɗana ta a gidansa ba. Ita ce wannan: yaya mutum zai san wanda ya damu da shi da gaske?

A kaka ba a iya sani. Sa'ad da rumbu ya cika, zauren maigida ba ya rabuwa da baƙi. Wanda ka shekara ba ka gani ba sai ya tuno kakarsa da kakarka uwarsu ɗaya. Kowa na gaishe ka, kowa na yabon halinka. Amma bari damina ta yi tsakiya, rumbu ya koma sai ɓeraye, gero a gona bai nuna ba, sa'an nan ka ƙidaya ƙafafun da ke zuwa ƙofarka. Shi ya sa mutanen da suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To, yadda mutum ke da masoya na gaske da na baki, haka ƙasa take da su. Mu kuwa a wannan ƙasa an auna mana su sau da yawa, ma'aunin kuma shi ne yunwa. Iyayenmu ba su rubuta littafi ba, amma sun sa wa kowace yunwa suna domin kada a manta da ita. Bari mu bi waɗannan shekaru, mu ga abin da suka nuna mana.

Mu fara da Kakalaba. A shekarar 1913 ruwa ya ɗauke, a 1914 yunwa ta kama ƙasar Hausa tun daga Damagaram har Katsina da Kano. Mutane suka ci anza, suka sussuke ƙarangiya, suka tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Garuruwa suka watse, aka kama hanyar kudu, da yawa ba su kai ba. A lokacin Nasara bai daɗe da cin ƙasar ba, yana ta faɗin ya zo ne domin zaman lafiyarmu da ci gabanmu. Ga ranar da za a ga gaskiyar wannan magana ta zo. Me aka gani? Taimakon da ya fito daga bariki bai taka kara ya karya ba, lanho kuwa ba a manta da shi ba.

A 1930 fara ta sauka ta cinye amfanin gona, a 1931 yunwa ta faɗa wa yammacin ƙasa, wajen Doso da Filinge da Yamai. Dubban mutane suka mutu, wasu dubbai suka gudu Najeriya da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Duk da haka gardin kumandan bai daina yawon karɓar lanho ba, ba a kuma daina kama mutane aikin tilas ba. Da abin ya yi muni har labari ya kai Faransa, sai aka ɗora wa talakawa rumbun tsimi na dole: kowane gida ya zuba hatsinsa, amma ikon buɗewa yana hannun wani. Abin da ya kamata ya zama garkuwa sai ya zama wani sabon haraji. Aikin tilas ɗin ma ba a kashe shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, bayan ƴan Afirka da kansu sun tashi sun nema.

Ga darasi na farko ke nan, ƴan'uwa. In kana so ka san matsayinka wurin mutum, duba abin da ya nema daga gare ka ranar da ka faɗi. Wanda ya iske ka kwance ya miƙo hannu ya laluba aljihunka, ya gama gaya maka ko shi wane ne.

Kada kuwa wani ya ce wannan halin Nasara ne kaɗai. Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta ko a kan namu. Mun karɓi mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, a 1973 fari ya kai matuƙa. Dabbobin Fulani da na Buzaye suka ƙare, masu garke suka koma masu bara, aka tara su a sansanin Lazare kusa da Yamai. Hatsin taimako ya zo daga ƙasashen waje. Amma wani ya kwanta a sito, wani ya ɓulla kasuwa ta hannun waɗanda ke kusa da masu iko, alhali mutane na mutuwa a daji. Wannan yana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Waɗanda suka ci wannan hatsi ba daga hayin teku suka zo ba. Harshenmu suke ji, rigarmu suke sawa.

Irinsu suna nan har cikin ƙananan garuruwanmu, kun kuwa san su. Shi ne mutumin da ya sayi geronka da araha a kaka, lokacin da bashi da biki da haraji suka matsa maka. Ya kulle shi a sito. Da damina ta yi tsakiya ka je masa da kunya, sai ya tarbe ka da fara'a, ya ba ka buhu ɗaya a kan ka biya biyu in an yi girbi. In ka kasa, sai ya ce ka ba shi gonarka jingina. Har godiya kake yi masa, kana cewa ya fisshe ka. Bayan shekara uku ka iske kanka kana ƙwadago a gonar ubanka. Wannan taimako ne? Wanda ya jefa maka igiya cikin rijiya, sa'an nan ya ɗaure ka da ita bayan ka fito, ba ceton ka ya yi ba.

Mu zo 1984, shekarar da mutanen wannan yanki suka sa wa suna El-Buhari. Damina ta lalace ƙwarai. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin soja ta Najeriya, ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, ta rufe iyakokinta domin canjin kuɗi da hana fasa-ƙwauri, ba a buɗe su ba sai 1986. A 1985 kuma aka kori baƙi masu yawa. Su suna da dalilansu na mulki. Amma mu abin da muka gani shi ne, ƙofar da muka saba bi mu je cin rani, mu sayar da dabba mu sayo dawa, an rufe ta daidai ranar da muka fi bukatarta. Sai dai ku tambayi dattawan Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya da Matamai abin da ya faru a ƙasa. Dangi na Jibiya da Illela da Daura ba su rufe ƙofofinsu ba. Sun sauke ƴan'uwansu, sun riƙe musu yara, hatsi kuma ya riƙa ratsowa ta hanyoyin daji a kan jakuna da raƙuma. Hukuma ta rufe hanyar mota, amma ba ta iya rufe zumunta ba.

An sake ganin haka a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, abinci da magani suka yi tsada, har aka fara zancen yaƙi. Kowa da ra'ayinsa game da siyasar wannan lokaci, ba ita ta tara mu yau ba. Abin da muke so ku riƙe shi ne, a watan Agusta malaman arewacin Najeriya sun taso sun zo Yamai neman sulhu, ƴan majalisar dattawan ƙasar kuma sun ƙi yarda a kawo yaƙi, talakawan Kano da Katsina da Sakkwato suka ɗaga murya suna cewa ba za a yaƙi ƴan'uwansu ba. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024. Darasi na biyu ke nan: kada mu ɗora laifin gwamnati a kan jama'arta, kada kuma mu ɗauki kyawawan jawaban gwamnatoci a matsayin alkawarin ɗan'uwa.

Akwai kuma waɗanda suka zo, amma a makare. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta shigo. Tun kaka masu lura suka faɗi abin da ke tafe. A farkon 2005 ma sai aka sa harajin kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, har jama'a suka rufe kasuwanni da shaguna a manyan garuruwa kafin a janye yawancinsa. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dala miliyan 16 domin Nijar, ƙasashe masu arziki suka yi kamar ba su ji ba. Buhun gero ya kusan jikka 30, wanda a kaka bai kai rabin haka ba. Ku lura da kyau: hatsi yana nan jibge a kasuwar Maraɗi, kuɗin saye ne babu. Masu iko da masu ba su shawara suka ce kada a raba kyauta, wai za a ɓata kasuwa, sai dai a sayar da rangwame. Wanda ya riga ya sayar da akuyarsa da gadon matarsa, da me zai sayi na rangwame? Sai a watan Yuli, da talabijin na duniya ya nuna yaran Maraɗi sun zama ƙashi da fata, sa'an nan jiragen sama suka fara sauka da abinci. Ko a watan Agusta shugaban ƙasa na lokacin, Mamadu Tanja, yana musun cewa akwai yunwa.

Ba mu raina alherin kowa ba. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi jiyyar yara fiye da 60,000 masu tamowa a wannan shekara, yawancinsu a jihar Maraɗi, tare da ma'aikatan lafiya ƴan ƙasa da suka kwana a tsaye. Baƙi ne, ba su san sunan kowa ba, amma sun yi abin da ɗan'uwa zai yi. Allah ya saka musu. Sai dai dole mu ɗauki darasi na uku: taimakon nesa yana jiran a gan ka, ba a kuwa ganin ka sai ka kusa mutuwa. Daga ranar da rumbu ya ƙare zuwa ranar da jirgi ya sauka akwai watanni masu tsawo. Wa ya riƙe mu a cikin waɗannan watanni?

Ku amsa da kanku, don kun gani da idonku. Matar gida ce, wadda ta jiƙa anza kwana da kwanaki tana canja ruwa har ɗacin ya fita, ta tsinko jiga da tafasa ta kwaɗa, ta ce wa yara ita ta riga ta ci alhali ba ta ci ba. Maƙwabciya ce, wadda ta jira dare ya yi sa'an nan ta aiko yarinya da ƙwaryar fura ta bayan darni, domin kada a ga kunyar gidanka. Ɗanka ne da ke tura kurar ruwa a Kano, ko dako a Abijan, ko aikin gini a Libiya, yana kwana a rumfa domin ya aiko muku da abin sayen tiya goma. Bafulatani ne da ya bi al'adarsu ta habbanaye, ya ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya har ta haihu, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Manomi ne da ya fid da zakkarsa, dami ɗaya cikin goma, ya kai wa gwauruwa da maraya ba tare da an tambaye shi ba. Babu ɗayansu da aka nuna a talabijin. Babu wanda ya rubuta sunansa a jikin buhu. Abin da suka bayar kuwa daga bakinsu suka cire shi.

Wannan shi ne ma'aunin da muka zo mu ba ku. Kada ku auna masoyi da yawan abin da ya bayar. Ku auna shi da abin da bayarwar ta rage masa, da lokacin da ya zo, da kuma abin da ya nema a madadinta.

Ku dubi gawo a gonakinku. Da damina, sa'ad da kowace itaciya ke taƙama da ganye, shi zubar da nasa yake yi, ya bar wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi, sauran itatuwa sun bushe, sai ya yi kore, ya ba mutum inuwa, ya zubo wa awaki ƴaƴa. Sarakunan Damagaram na da sun san darajarsa, shi ya sa suka hana saran sa da hukunci mai tsanani. Bayan wahalar 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin toho a gonakinsu suna sassabe da lura, har aka ƙiyasta itatuwan da suka dawo a kan wajen miliyan 200. Akwai mutane masu halin gawo. Ranar biki ba za ka ji muryarsu ba. Ku neme su a garuruwanku, ku riƙe su da kyau.

Amma mu yi hattara da abu ɗaya, kada wannan magana ta zama makamin gaba. Ba duk wanda bai ba ka ba ne ya ƙi ka. A shekarar yunwa wani ya ɓuya maka ne don kunya, saboda tukunyarsa ma a kife take. Wani bai kawo kome ba sai ƙafarsa, ya zo ya zauna tare da kai, ya kama maka noma ranar da ba ka da ƙarfin ɗaga hauya. Wannan ya biya, zumunta a ƙafa take. Wanda muke zargi shi ne mai sito cike da ya ga wahalarmu ya ga riba. Ko shi ma ba mu ce a riƙe shi da ƙiyayya ba. Yafewa kyakkyawan hali ce. Sai dai wanda ka yafe wa ba dole ba ne ka sake ba shi makullin rumbu.

Yanzu kuwa bari mu juyo da ma'aunin kanmu, don mai auna wasu shi ma za a auna shi. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako cikin jihar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga, yawancinsu mata da yara. Kafin a kafa musu wurin zama, ƙauyukan ƙasar Gidan Rumji ne suka sauke su, suka raba ɗaki da rijiya da tuwo da su, alhali su ma ba wadatattu ba ne. Jikokin waɗanda suka sauke mu a 1984 ne suka zo ƙofarmu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To, kowannenmu ya tambayi kansa: a daminar da ta wuce, wa ya ƙwanƙwasa ƙofata, me kuma na ce masa? Akwai wanda yake lissafa ni cikin masoyansa na gaske, ko kuwa ni ma ɗan kaka ne?

Tun da mun gane hannun kusa shi ke fara isowa, aikinmu shi ne mu ƙarfafa wannan hannu tun wahala ba ta zo ba. Ga abin da muke nema daga kowane reshe.

Na ɗaya, a kaka a kafa bankin cimaka ko a gyara wanda ya mutu. Kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa da yardar ransa. Makulli ya zama a hannun mutum uku, a cikinsu har da mace. A ƙidaya buhuna a gaban jama'a ranar zubawa da ranar buɗewa. Ranar buɗewa kuwa jama'a ce za ta yanke ta, domin kada mu maimaita rumbun tsimin Nasara da hannunmu.

Na biyu, kafin bazara dattawan reshe su san gidajen da hatsinsu ba zai kai sabon amfani ba. A yi wannan a asirce. Mai mutunci yakan gwammace ya kwana da yunwa da ya roƙa, saboda haka kada a jira ya roƙa.

Na uku, a goyi bayan asusun mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi suka fara a 1991, daga nan dabarar ta bazu har wasu ƙasashe. Ƴan kuɗin da suke tarawa mako-mako sun hana gidaje da yawa zuwa ƙofar mai bashi da ruwa. Namijin da ya hana matarsa shiga, ko ya cinye mata zubi, kansa ya cuta.

Na huɗu, yaron da ya fara ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja, a kai shi likita nan da nan. In uwarsa ba ta da kuɗin mota, reshe ya biya.

Na biyar, duk wanda ya zo neman goyon bayanku, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ɗan wata jam'iyya ne ko ɗan tamu, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku tambaye shi inda yake a shekarar da muka sha wuya, da abin da ya yi. Mu ma da ke karanta muku wannan takarda kada ku ƙyale mu. In ba ku gan mu ba a watan da rumbu ya ƙare, kada ku saurare mu a watan da ya cika.

Ƴan'uwa, ƙasar da ke jiran jirgi ya kawo mata abin da za ta ci, ƴancinta bai cika ba. Haka garin da mutanensa ba su san halin da maƙwabcinsu ya kwana ba, ko yana da tuta da ofis, bai zama gari ba tukuna. Fari zai sake zuwa, don ƙasarmu ƙasar fari ce, wannan ba ya hannunmu. Abin da ke hannunmu shi ne sunan da jikokinmu za su sa wa shekarar, da abin da za su faɗa a kanmu in sun tuna ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da fari da fara, ya sa mu zama masu amfani ga junanmu. A kai wannan magana ƙauyuka, a gaya wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Haza wassalam.